Baƙuwar Na'ura da Wutar Gida: Tarihin da ke Rubuce a Bayan Adaftar Wasan Bidiyo

Gabatarwa

A cikin kayan gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu, ko cikin tsarabar da ɗan uwa ya riƙo daga ƙasar waje, akan ci karo da wani ɗan akwatin roba mai launin fari da ja, da hannuwan wasa guda biyu maƙale a gefensa. Sunansa Famicom, kuma kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fito da shi a shekarar 1983. Wanda ya samu irin wannan akwati yakan ƙosa ya ga hoto ya fito a talabijin. In ya zo da adaftarsa ta asali, sai a soka ta a bango. In bai zo da ita ba, sai a lalubo wata cikin tarkacen wayoyin gida, wadda bakinta ya shiga ramin. Duka hanyoyin biyu suna iya ƙarewa wuri ɗaya: ɗan ƙara, warin ƙuna, sa'an nan shiru. Na'urar da ta haura shekara 40 lafiya lau sai ta mutu kafin ƙiftawar ido, ga shi kuwa kamfanin ya daina ƙera ta tun 2003, ya kuma daina karɓar gyaranta a 2007.

In aka kai ta wurin mai gyaran rediyo, abin da zai fara tambaya shi ne ko an karanta bayan adaftar. A can akwai ƴan layuka ƙanana. A wajen shigar wuta an rubuta AC 100V da 50/60Hz, a wajen fita an rubuta DC 10V da 850mA, sai kuma wani ɗan zane mai alamar ragewa a tsakiya. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa, to waɗannan layuka su ne takardar shaidar baƙon, wadda ke faɗin irin cimar da ya saba da ita a garinsu. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun lambobin nan, domin kowace ɗaya daga cikinsu shawara ce da wasu mutane suka yanke a Niyok, ko Barlin, ko Tokiyo, ko Landan, ko Faris, tun kafin a haifi kakannin yaran da ke wasan. Shawarwarin nan ne suka biyo jirgi da mota har suka iso soket ɗin bangon ɗaki a Maraɗi da Damagaram.

Wuta iri biyu

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu daidaita kalmomi. Wutar lantarki, wadda muke kira kuran a nan Nijar, tana kama da ruwan famfo. Bolt, wanda ake rubutawa da harafin V, shi ne ƙarfin turowar ruwan. Amfer, mai harafin A, shi ne yawan ruwan da ke kwarara. Sa'an nan wutar iri biyu ce: akwai mai bin hanya ɗaya, irin ta batir, wadda ake yi wa alamar DC, akwai kuma mai kai da kawowa, wadda ke juya alƙiblarta sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, ita ce AC. Yawan juyin da take yi a daƙiƙa shi ne lambar da ake bi da haruffan Hz.

A ranar 4 ga Satumba 1882 Thomas Edison ya kunna tasharsa ta titin Pearl a birnin Niyok, yana sayar wa gidaje da ofisoshi wuta mai bin hanya ɗaya a kan bolt 110. Ƙwan fitilarsa ne ya sa ya tsaya a wannan lamba, domin zaren gawayin da ke haske a cikinsa ba ya jure ƙarfin da ya wuce haka da yawa. Aibin wannan wuta shi ne ba ta tafiya nesa. Da ta yi kamar kilomita ɗaya da rabi sai ta raunana, sai an gina wata tasha ko a ƙara kaurin wayar tagulla, ita kuwa tagulla tsada gare ta.

George Westinghouse ya bi ɗaya hanyar. A 1888 ya sayi haƙƙin ƙirƙire-ƙirƙiren Nikola Tesla, ya dogara ga wuta mai kai da kawowa, wadda taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinta domin doguwar tafiya, ta kuma sauke shi a bakin gida. Kamfanoni biyun sun yi shekaru suna gaba da ɓata wa juna suna a jaridu. Westinghouse ne ya haskaka babban bajekolin Shikago a 1893, kuma a 1896 wutar da aka samar a gangaren ruwan Niyagara ta isa birnin Buffalo. Daga nan wuta mai kai da kawowa ta mamaye titunan duniya.

Sai dai wuta mai bin hanya ɗaya ba ta ɓace ba. Ƙananan sassan da ke cikin rediyo da kwamfuta da na'urar wasa duk da ita suke aiki, a kan ɗan ƙarfi kaɗan. Saboda haka aikin adafta kashi biyu ne: ta sauke ƙarfin wutar bango, ta kuma miƙar da ita. Wato tsohuwar gardamar Edison da Westinghouse a cikin ɗan baƙin akwatin nan ake sasanta ta kullum.

Yadda duniya ta rabu

Amurka ta zauna a kan ƙarfin da ta gada daga Edison, wanda ya ɗan hau ya zama bolt 120, da juyi 60 a daƙiƙa. A Jamus kuwa kamfanin AEG, wanda Emil Rathenau ya kafa a 1883 domin aiki da fasahar Edison, ya zaɓi juyi 50, kuma girman kasuwarsa ya sa yawancin Turai suka bi shi. A 1899 kamfanin wutar Barlin ya ɗaga ƙarfin wutar gidaje zuwa bolt 220. Hikimar a fili take: in aka ninka ƙarfi, rabin kwararar da ake buƙata a da ta isa yin aiki iri ɗaya, don haka waya ɗaya sai ta ɗauki gidaje da yawa ba tare da an ƙara tagulla ba.

Haɗa kai bai zo da sauƙi ba ko a cikin ƙasa ɗaya. A 1918 birnin Landan kaɗai yana da yawan juyi iri 10 daban-daban, sai da dokar 1926 ta kafa babban layin ƙasa a kan juyi 50. Kudancin Kalifoniya ya zauna a kan juyi 50 har 1948, lokacin da aka bi gida-gida ana sauya agogo da injuna. Faransa ta daɗe da bolt 110 da 127 a gidaje. Bayan an kafa kamfanin EDF a 1946 ne, daga tsakiyar shekarun 1950, aka shiga aikin mayar da ƙasar kan bolt 220, aikin da ya ci gomman shekaru.

Labarin Japan shi ya fi ban mamaki. A 1895 kamfanin wutar Tokiyo ya sayo injuna daga AEG, masu juyi 50. Shekara ta zagayo, kamfanin wutar Osaka ya sayo nasa daga General Electric na Amurka, masu juyi 60. A lokacin babu wanda ya damu, domin kowane gari da tasharsa. Da layukan suka yaɗu suka haɗu a tsakiyar ƙasar, wajen kogin Fuji, sai aka tarar sauya ɓangare ɗaya ya fi ƙarfin aljihu. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Har yau gabashin Japan na kan juyi 50, yammaci na kan 60, ko da yake duka ƙasar bolt 100 take sha. Wannan rabuwa ta nuna illarta bayan girgizar ƙasa ta 11 ga Maris 2011: tashoshin gabas sun tsaya, yammaci na da wuta, amma tashoshin da ke juya wutar daga wannan tsari zuwa wancan ba su iya wuce da abin da ya fi kimanin megawat 1,000 ba, har sai da aka riƙa ɗauke wuta bi da bi a yankin Tokiyo.

Ga ma'anar layin farko na adaftarmu ke nan. An rubuta 50/60Hz domin ta yi aiki a Tokiyo da Osaka duka, an kuma rubuta 100V domin ba a yi ta da niyyar ta bar Japan ba.

Gadon Faransa da gadon Ingila

Ƙasashenmu ba su zauna sun zaɓi ma'aunin wutarsu ba. Injiniyoyi da kayan aiki da dokokin haɗa waya duk daga ƙasar mai mulkin mallaka suka zo, kuma bayan samun ƴanci a 1960 aka ɗora a kan abin da aka tarar. Nijar ta zauna a kan bolt 220 da juyi 50, da soket irin na Faransa mai zagayayyun ramuka. Najeriya ta gaji tsarin Ingila: juyi 50, ƙarfin da ake ƙiyasta shi a bolt 230, da kan waya mai ƙafa uku masu kusurwa. Shi wannan kan waya an fito da shi ne a Ingila a 1947, lokacin sake gina gidaje bayan yaƙin duniya na biyu, sa'ad da ƙarancin tagulla ya sa aka ƙirƙiro tsarin zagaya ɗakuna da waya ɗaya, aka kuma sa wa kowane kan waya fis nasa a ciki.

Abin lura shi ne, wutar da ke bayan waɗannan soket iri biyu sau da yawa ɗaya ce. An kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, shekarar da aka kafa kamfanin NIGELEC. A 1976 aka ja layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya wani layin ya taso daga Katsina ta Gazawa ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa, abin da kowa ya ji a jikinsa lokacin da aka katse ta a watan Agusta na 2023, kafin a maido ta a Maris na 2024. Wato wuta ɗaya ce ke fitowa ta ramuka masu kusurwa a Katsina, ta kuma fito ta zagayayyu a Maraɗi.

An yi ƙoƙarin haɗa kan duniya a kan soket ɗaya. Hukumar ma'aunan lantarki ta duniya, wadda aka kafa a Landan a 1906, ta fitar da samfuri a 1986, amma in ban da Afirka ta Kudu da ta karɓe shi, da Barazil da ta ɗauki mai kama da shi, sauran ƙasashe kowa ya riƙe nasa. Kasuwa ce ta samo tata mafitar: doguwar waya mai soket da yawa, wadda ramukanta ke karɓar kowace irin ƙafa, da ƙananan kawunan da ke sauya siffar ƙafa. A nan haɗarin yake. A da, in aka zo da adaftar Japan mai falalan ƙafafu biyu, bangon da kansa yakan ƙi ta, mai ita ya tsaya ya yi tambaya. Yanzu tana shiga sumul, alhali kan da ya sauya siffa bai rage ko bolt ɗaya ba. Taransifomar da aka naɗa domin bolt 100 in ta sha 220, wayoyinta sukan yi zafi nan take su ƙone, kuma kafin su ƙone suna iya tura wa na'urar fiye da ninkin abin da ta saba.

Kama da wane ba ta wane

Nintendo tsohon kamfani ne. Fusajiro Yamauchi ya kafa shi a birnin Kiyoto a 1889 yana buga katin wasa. A ƙarƙashin jagorancin Hiroshi Yamauchi ne injiniya Masayuki Uemura ya tsara Famicom, aka fara sayar da ita ranar 15 ga Yuli 1983 a kan yen 14,800. Da kamfanin ya nufi Amurka a 1985, ya tarar ƴan kasuwa suna gudun kayan wasan bidiyo saboda durƙushewar da kasuwar ta yi a 1983. Sai aka sauya wa na'urar riga: babban akwati mai launin toka, mai kama da na'urar kallon kaset, da sabon suna, NES. An sauya kaset daga mai haƙora 60 zuwa mai 72, an kuma sa wani ɗan mukulli na lantarki domin kada kaset ɗin wani yanki ya yi aiki a wani. Jimillar abin da aka sayar na Famicom da NES a duniya ya kai kusan miliyan 62.

Cikin waɗannan sauye-sauye akwai ɗaya da ba ya ganuwa daga waje, kuma shi ya fi kashe na'urori. Adaftar Famicom tana yin aikin nan kashi biyu gaba ɗaya: tana sauke wuta zuwa bolt 10, tana kuma miƙar da ita. Adaftar NES kuwa saukewa kawai take yi, zuwa bolt 9, ta bar wutar tana kai da kawowa, domin sashen da ke miƙar da ita yana cikin akwatin NES ɗin. Bakunan adaftocin biyu kusan girmansu ɗaya, sunan kamfani ɗaya ne a jikinsu, wasannin ma ɗaya ne. Amma in aka sa adaftar NES a jikin Famicom, wuta mai juyawa za ta faɗa kan sassan da ba su san juyi ba, ta lalata su. Ita NES, saboda abin da ke cikinta, ta fi haƙuri da baƙuwar adafta.

Sai maganar ɗan zanen nan mai alamar ragewa. Wuta mai bin hanya ɗaya tana da kai da gindi, kamar batir ɗin tocila. Bakin adafta kuma yana da rami a tsakiya da ƙarfe a kewaye. A Famicom, ɓangaren ragewa ne a tsakiya. Yawancin adaftocin da ke gidajenmu yau, na dikoda da na'urar intanet da makamantansu, ɓangaren tarawa ne a tsakiyarsu. Ko da lambar bolt ta yi daidai, in aka sa irin wannan, an juya wa na'urar batir ke nan.

Sauran kamfanoni ma ba su sauƙaƙa ba. Mega Drive ta kamfanin Sega, wadda ta fito a Japan a 1988, samfurinta na farko ragewa ne a tsakiya kamar Famicom, samfuri na biyu kuwa tarawa ne a tsakiya, da ƙaramin baki. Super Famicom ta 1990 an sayar da ita babu adafta a kwali, domin an ɗauka kowane gida na da ta Famicom. Wannan na cikin dalilan da suka sa take yawan isowa hannun mai saye ita kaɗai. Ƴar uwarta ta Turai kuwa wuta mai kai da kawowa take sha. PlayStation ta farko, wadda Sony ya fitar a Disambar 1994, taransifomarta a ciki take, kuma kowane yanki da tasa. Wayarta irin ta rediyo mai kaset ce, wadda ake samu ko'ina, don haka babu abin da zai gargaɗi mai ita cewa ta Japan ce sai ƴar takardar da ke manne a ƙarƙashinta.

In wuta ta kama, saura hoto

Wanda ya tsallake duk wannan, fitila ta kama, yana iya tarar da hoton yana birgima, ko ya fito babu launi, ko ya ƙi fitowa sam. Wannan ma daga tushe ɗaya yake. Masu ƙera talabijin na farko sun ɗaure saurin sauyawar hoto da yawan juyin wutar ƙasarsu. Amurka da Japan suka zauna a kan layuka 525 da sauyi 60 a daƙiƙa, Turai a kan layuka 625 da sauyi 50. Da launi ya zo, sai rabuwar ta ƙaru. Amurka ta tsayar da tsarin NTSC a 1953, Japan ta bi ta. A Jamus Walter Bruch na kamfanin Telefunken ya fito da PAL, a Faransa Henri de France ya fito da SECAM, kuma duka biyun aka fara watsa shirye-shirye da su a 1967. Siyasa ta shiga zancen ƙwarai: Tarayyar Sobiyat ta ɗauki tsarin Faransa, Ingila ta ɗauki na Jamus, kowace kuma ta ja na kusa da ita.

Mu ma rabon ya same mu. Nijar, wadda ta fara da talabijin na makarantu a 1964 da taimakon Faransa, kafin Télé Sahel ta zama tashar kowa da kowa a ƙarshen shekarun 1970, ta bi SECAM. Najeriya ta bi PAL. Mutanen bakin iyaka da suka manyanta ba su manta da lokacin da ake neman talabijin mai kama tsari da yawa ba, domin a ga tashoshin ɓangarorin biyu da launi.

Masu ƙera na'urorin wasa sun sha wahalar SECAM, saboda samar da launinsa a cikin ƙaramar na'ura mai araha abu ne mai wuya. Atari 2600, wadda ta fito a 1977, tana da launi 128 a Amurka, amma samfurinta na SECAM launi 8 kacal gare shi. Mafitar da aka samu ita ce babban bakin nan mai haƙora 21 da ake kira Péritel, wanda Faransa ta wajabta sa shi a jikin talabijin daga 1980. Ta nan NES ta Faransa ke aika hotonta. Sa'an nan wasannin da aka rubuta domin sauyi 60, da aka kawo su ƙasashen 50 ba tare da gyara ba, sai suka rage sauri da kusan kashi 17 cikin 100. Yaron da ya buga Sonic na 1991 a na'urar Turai ya ji kiɗan a hankali fiye da yadda aka tsara shi, bai kuwa sani ba. Ita Famicom ta asali ta wayar eriya kaɗai take fitar da hoto, a kan tasha ta 1 ko ta 2 na Japan, waɗanda suka faɗa daidai zangon da rediyon FM ke amfani da shi a wurinmu. Sai a samfurin 1993 aka sa mata mafitar hoto da sauti kai tsaye.

Waɗanda suka cike giɓin

Manyan kamfanonin Japan ba su sa kasuwanninmu cikin lissafinsu ba a wancan zamani. Waɗanda suka cike giɓin su ne masana'antun Taiwan, daga baya na Sin, da suka riƙa kwaikwayon Famicom suna haɗa ta da adafta mai shan bolt 220 da hoto irin na PAL. A Rasha irin wannan kwaikwayo ya yi suna da Dendy daga 1992. A Afirka ta Yamma ya zo da sunaye barkatai, da kaset masu launin rawaya da ke iƙirarin dubban wasanni alhali ƴan kaɗan ne ake maimaitawa. Yawancin waɗanda suka san Mario a garuruwanmu ta wannan hanya suka san shi. Jabu ne, amma maƙeransa sun yi abin da masu asali ba su yi ba, wato sun tambayi irin wutar da ke bangon mai saye.

Na biyu su ne masu gyara na bakin kasuwa, waɗanda suka koyi sana'ar a kan rediyo da talabijin. Su ne ke sake naɗa taransifomar da ta ƙone, su yanke waya su juya kai da gindi, su cire ɗan sashen nan mai lamba 7805 da ke mayar da wuta bolt 5 a cikin Famicom su sa sabo. Na'urori da yawa da suka rage a hannun jama'a albarkacinsu suka rayu.

Na uku ita ce fasaha. Tsohuwar adafta nauyi gare ta domin ƙarfe da tagulla ne a ciki, kuma yawan naɗin wayar ne ke ƙayyade wutar da za ta sha. Sabuwar adafta, irin ta cajin wayar hannu, tana yayyanka wutar ne cikin sauri ƙwarai tana daidaita abin da ke fita, shi ya sa ake ganin 100-240V a jikinta. Da Nintendo ya fito da ƙaramar Famicom ta tunawa da baya a 2016, wayar USB aka ba ta, wadda ke aiki a Osaka kamar yadda take aiki a Tawa. Daga ƙarshen Disambar 2024 kuma Tarayyar Turai ta wajabta bakin USB-C a kan sababbin wayoyin hannu da ƙananan na'urori da yawa. An kasa haɗa bangon duniya, sai aka koma haɗa abin da ke fitowa daga adafta.

Abin da mai tsohuwar na'ura zai duba

Wanda ke da ɗaya daga cikin tsofaffin na'urorin nan, tarihin da muka bi ya taƙaita masa a tambayoyi biyar. Shin wajen shigar adaftar ya haɗa da bolt 220? Shin abin da take fitarwa AC ne ko DC, kuma wanne na'urar ke so? Shin bolt ɗin fita ya yi daidai? Ga Famicom, bolt 9 ko 10 sun isa, domin abin da ya haura haka zafi yake zama a cikinta. Shin amfer ya kai? A nan yawa ba ya cutarwa, na'ura abin da take buƙata kawai take ja, ƙaranci ne ke sa adafta zafi. Mai amfer 1 ta wadatar da Famicom. Sa'an nan wane ɓangare ne a tsakiyar baki? In an fi son a riƙe adaftar asali, sai a sa mata taransifoma mai sauke 220 zuwa 100 a gabanta. Araha ba ta ado: adafta marar nauyi marar suna takan fitar da wuta mai datti da ke zana layuka a hoto. Haka kuma in an ɗauke wuta, a zare na'urar daga bango kafin a dawo da ita ko a tada janareta.

Kammalawa

Ƴan uwa malamai, ga darasi nan a cikin aljihun tebur. Tsohuwar adafta guda ɗaya, in aka ɗora ta gaban ɗalibai aka ce su karanta bayanta, ta isa buɗe zancen kimiyyar lantarki, da labarin ƙasa, da tarihin mulkin mallaka, har da dalilin da ya sa soket ɗin gidan kawu na Katsina ya bambanta da na gidansu. Yaro zai gane cewa ma'auni mutane ne suka yanke shi, bisa kuɗi da siyasa da abin da ya zo hannu a ranar, kuma waɗanda ba su halarci zaman ba su ma suna biyan kuɗin sakamakonsa.

Ga ƙungiyoyin raya al'adu kuma akwai aiki biyu. Na farko, a tattara kalmomin da masu gyara ke amfani da su a Maraɗi da Damagaram da Tawa, a daidaita su, domin a iya rubuta gargaɗin lantarki da Hausar da mai saye zai fahimta. Na biyu, a zauna da dattawan masu gyaran nan da waɗanda suka riƙe rumfunan wasan bidiyo a shekarun 1990, a ɗauki bayaninsu tun suna raye: ta wace hanya na'urorin suka shigo, nawa yaro ke biya ya buga, da wace dabara aka riƙa ba su wuta. Tarihin Nintendo da na Edison an rubuta su da harsuna da yawa. Na rumfar mai gyara da ke bakin kasuwarmu, mu ne za mu rubuta shi.